Gidan gado da rajistar tarihi: ku dakatar da maginin nan tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji gida daga kakanmu, ya haura shekara 100, muna son hukumar birni ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Wasu na cewa da zarar an sa shi, gwamnati ta ƙwace ke nan. Wani magini kuma ya ce mu fara yaɓe shi da siminti mu canja tagogi, kada masu dubawa su raina shi. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar ƙwace jita-jita ce. Galibi irin wannan rajista ta birni ba ta raba ku da takardar mallaka: za ku zauna, ku ba da haya, ku sayar. Abin da za ku rasa shi ne damar rushewa ko sauya fasalin gidan ba tare da izini ba. A 1978 kamfanin da ya mallaki tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka don an hana shi ɗora dogon bene a kanta, kotu ta ce wannan ba ƙwace ba ne. Kuma kun yi daidai da kuka nufi hukumar birni, domin a Amurka, misali, rajistar wuraren tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1966 ba ta hana mai gida rushe kayansa da kuɗinsa. A can, dokar birni ce mai haƙora.

Maginin naku ne ya tayar min da hankali. Wallahi na gaji da jin wannan shawara. Masu dubawa ba kyau suke zuwa nema ba, asali suke nema: bangon farko, ƙofar farko, aikin hannun wanda ya gina. Tsohuwar tagar katako da fentinta ya ɓare ta fi sabuwar ta alminiyam daraja a wurinsu nesa ba kusa ba. Ranar da kuka cire ta, kun cire hujjarku da hannunku, a zo a ce gidan ya canja kama, a mayar muku da takardarku.

Wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da ɓarnar yaɓen siminti. Tsohon bango, na ƙasa ne ko na bulo da kwaɓin farar ƙasa, numfashi yake yi. Yana shan danshi daga tushe da ruwan sama, rana ta fito ya fitar. Siminti kuwa ya toshe masa hanya. Danshin ya maƙale a ciki, gishirin da ya taso da shi ya riƙa cin bangon, daga waje kuma sumul kamar sabon gini. Na sha ƙwanƙwasa irin wannan yaɓe in ji yana amsawa kamar ganga. A ɓamɓare shi, sai ka tura yatsa cikin bangon ya shige, gari na zuba. Ga shi siminti ba ya lanƙwasa, tsohon gini kuwa yana motsi da zafi da sanyi, dole a samu tsagewa, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Lokacin maginin ya daɗe da cin kuɗinsa ya yi gaba. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da ya koya ke nan, amma wanda bai taɓa kwaɓa farar ƙasa ba bai kamata ya ɗora hannu a gida mai shekara 100 ba.

Abin da za ku taɓa yanzu shi ne rufi kawai: a toshe yoyo, a share indararo, a kawar da ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Sai ku ɗauki hoton kowane ɗaki da kowace ƙofa yadda suke, ku haɗa tsofaffin hotuna da takardun gidan, ku naɗi muryar dattawan da suka san tarihinsa tun suna raye. Ku zauna da sauran magada kafin ku kai takarda, don magaji ɗaya ya ƙi, aikin na iya tsayawa. Ofis kuwa sai haƙuri, fayil kan yi watanni a tebur. Ku karɓi shaidar shigar da takarda mai kwanan wata, ku tambaye su a rubuce ko gidan na da kariya ta wucin gadi kafin a yanke hukunci.