Tambaya da Amsa: Feshin Gona da Kifin Kududdufi

Tambaya: Ina kiwon tarwaɗa kusa da gonakin shinkafa a Kura. Duk sanda maƙwabta suka yi feshi, kifina sukan daina cin abinci, suna taso sama, wasu su mutu. Me ke jawo haka?

Amsa: Malam, alamar guba ce. Maganin ƙwari irin su cypermethrin da chlorpyrifos, da maganin ciyawa paraquat, ruwan sama ko na ban-ruwa ke kwaso su zuwa kududdufi. Suna shiga jikin kifi ta jan naman numfashinsa da ke ƙarƙashin kunne.

Hanta ce ke fama da gubar, kuma a wannan aikin ake samar da wasu ɓurɓushin oksijin masu ƙona ƙwayoyin jiki. Kifi yana da garkuwa ta halitta, wato sinadarai irin su katalas da gulutatayon, amma in guba ta yi yawa sai garkuwar ta ƙare. Daga nan kitsen da ke rufe ƙwayoyin jiki ya lalace, naman numfashi ya kumbura ya cika da yauƙi, jini ya ragu. Chlorpyrifos kuma yana taɓa jijiyoyi, shi ya sa kifi ke juyi yana karkarwa.

Ka dakatar da abinci kwana 2, ka sauya kusan rabin ruwan da na rijiyar burtsatse, ka riƙa motsa shi domin iska. Ka ɗaga gefen kududdufin, kada a wanke injin feshi a magudanar da kake ɗiban ruwa. In sun farfaɗo, ƙara musu bitamin C a abinci. Waɗanda suka mutu a binne su, ba na ci ba ne, balle sayarwa.