Jarrabawar ƙa'idojin tuƙi ta kusa, in sayi lasisi kawai?

Tambaya: Malam, saura mako biyu in zauna jarrabawar ƙa'idojin hanya, kullum gabana faɗuwa yake yi. Alamomin nan sun yi mini yawa, sai rikita ni suke. Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, akwai wanda zai karɓi kuɗi da hotona ya kawo mini lasisi har gida. In bi shawararsa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, mako biyu ya ishe ki. Samo kundin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, don daga cikinsa tambayoyin ke fitowa. Kada ki haddace alamomi ɗaya-ɗaya, ki kama su ta siffa da launi. Mai kusurwa uku da jan gefe gargaɗi ce, da'ira mai jan gefe hani, shuɗiyar da'ira umarni, mai kusurwa huɗu kuwa bayani take yi. Ki riƙe iyakar gudun ƙaramar motar gida: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A shataletale wanda ya riga shiga shi ke da hanya, kuma ta hagunki zai ɓullo, domin tun 1972 a hannun dama muke tuƙi a Najeriya.

Maganar yayanki kuwa, ita ce ta dame ni. Wallahi na gaji da jinta. Lasisin gaskiya ba ya fitowa sai mutum ya yi makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, jami'an VIO masu duba ababen hawa sun gwada tuƙinsa, sannan ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. To wanda ya ce zai kawo miki har gida, yatsun wa zai kai musu? Mafi yawan lokaci katin bogi 'yan cuwa-cuwar nan ke bugawa. Na taɓa ganin wani magidanci, shekara uku yana yawo da katinsa a aljihu, ya zo sabuntawa aka buga lambar a kwamfuta, babu shi babu dalilinsa. Ya tsaya yana jujjuya katin a hannu, zufa na keto masa. Daga farko ya sake komai.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Masu sayen lasisi su ne za ki gani a mararraba sun kunna sigina biyu lokaci guda, wai alamar miƙewa za su yi. Wa ya koya musu? Wannan wuta ta motar da ta lalace ce ko ta tsaya cikin haɗari. Na bayansu ya rasa inda suka dosa, mai babur ya kutso, sai ki ji ƙara. Su ne kuma ke shan gaban tirela a kan kwana, ga farin layi marar yankewa a gabansu, ba su ma san hani ba ne. Kullum ina fama da ɗaliban da aka fara koya wa haka a unguwa, cire musu shi ya fi koyar da sabon shiga wuya.

Ki gaya wa yayanki, cikin ladabi, in taimako yake so ya yi, ya zauna da ke da daddare ya riƙa nuna miki alamomi kina faɗar ma'anarsu. Kuɗin hukuma kuma a banki za ki biya, ki adana rasidinki.