Tambaya da Amsa: Katun ne ya fi kawo kuɗi a silima ko manyan finafinan faɗa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallo a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Ƙwallo muke haskawa, ranar da babu wasa kuma mu saka fim. Gardama ce ta kaure tsakanina da ƙanena da ke karatu a Dutse. Shi ya ce wai yanzu katun ya fi irin su Avengers kawo kuɗi a silimomin duniya, ni kuwa na ce abin yara ba zai taɓa kamo ƙafarsu ba. Wane ne mai gaskiya? Idan kuma shi ne, in fara saka katun da rana kafin lokacin ƙwallo?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kowannenku ya kama wani gefe na gaskiya, sai dai gefen ƙanenka ya fi nauyi a 'yan shekarun nan. Bari in fara da naka.

Idan aka jera finafinan da suka fi tara kuɗin tikiti a tarihi, na can sama irin naka ne. Avatar na James Cameron da ya fito a 2009 ya tara kusan dala biliyan 2.9. Avengers: Endgame na 2019 yana bi masa da kusan biliyan 2.8, sai Avatar na biyu da ya fito a 2022 da kusan biliyan 2.3. Titanic na 1997 ma ya haura biliyan 2.2. Har ƙarshen 2024 babu katun ɗin da ya taɓa leƙa biliyan biyu. Hasali ma sai a 2010 aka samu katun na farko da ya kai biliyan ɗaya, wato Toy Story 3, alhali Titanic ya wuce wannan matsayi tun 1998.

To amma duba abin da ya biyo baya. A 2023 katun ɗin Super Mario ya tara sama da dala biliyan 1.3, fim ɗaya kacal ne ya sha gabansa a duk duniya, wato Barbie, kuma ya bar Fast X da sauran finafinan tsere da harbe-harbe na shekarar a baya. A 2024 Inside Out 2 ne ya zo na ɗaya da kusan biliyan 1.7, ya doke Deadpool & Wolverine mai kusan biliyan 1.3. Na uku da na huɗu a wannan shekara, Moana 2 da Despicable Me 4, su ma katun ne. Uku cikin huɗun farko ke nan. Sai kuma 2025, da wani katun na ƙasar Chaina mai suna Ne Zha 2, labarin wani hatsabibin yaro daga tatsuniyoyinsu, ya haura dala biliyan biyu. An sake shi ne a hutun sabuwar shekararsu, lokacin da silimomi suka fi cika a can, kuma kusan duk kuɗin a cikin Chaina ya same su. Ba wai duniya ce gaba ɗaya ta kalle shi ba, ƙasa ɗaya ce mai mutum sama da biliyan 1.4 ta fito kwanta da kwarkwatarta. Duk da haka kuɗi kuɗi ne, kuma maganar cewa katun ba zai kai can sama ba ta ƙare daga nan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, wannan adadi da ake yayatawa ba riba ba ce. Jimillar abin da mutane suka biya a ƙofa ce. Masu gidajen silima suna ɗauke kusan rabi. A Chaina kuwa kamfanin waje kusan kashi 25 cikin ɗari kawai yake komawa da shi. Sannan ga kuɗin talla, wanda a manyan finafinai yakan haura dala miliyan 100, kuma ba ya cikin kasafin da ake faɗa na shirya fim. Shi ya sa 'yan harkar suke da wani lissafi na sama-sama: fim ba ya mayar da uwar kuɗi sai ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na abin da aka kashe wajen yin sa.

Kai da ke cikin manoma ka san wannan ba sai an faɗa maka ba. Wanda ya ɗauko buhu ɗari na riɗi bayan ya narka kuɗi a taki da feshi da 'yan ƙwadago da hayar gona, ba lallai ne ya fi wanda ya samu buhu arba'in a gonar gado da hannun 'ya'yansa fita da kuɗi ba. A kasuwar Maigatari za a yi ta zancen mai buhu ɗari, amma a gida ne ake sanin wanda ya ci riba.

Ga yadda abin yake a fim. An kashe kusan dala miliyan 74 wajen yin Minions na 2015, ya tara sama da biliyan 1.1. Kowace dala ɗaya ta jawo goma sha biyar ke nan. Endgame kuwa ya ci sama da miliyan 350, ya tara biliyan 2.8, wato kowace dala ta jawo kusan takwas. Ba shakka tsabar kuɗin da Endgame ya bari ta fi yawa, amma kasadar da aka yi a kansa ta ninka ta Minions sau huɗu ko biyar, kuma manyan jarumansa suna da kaso a cikin ribar bayan kuɗin aikinsu. Kamfanin Illumination, mai Minions da Mario, a birnin Faris na Faransa yake zana finafinansa, kuma da gangan yake tsuke kasafi. Mario ɗin da ya tara sama da biliyan 1.3, kusan miliyan 100 aka kashe masa.

Kada ka ɗauka duk katun araha ne. Na kamfanin Pixar yakan ci kusan dala miliyan 200, domin ɗaruruwan mutane ne ke zaune gaban kwamfuta shekara huɗu ko biyar suna ƙera hoto 24 a kowace daƙiƙa ɗaya ta fim, har gashin kai da ƙyallin ruwa sai an zauna an tsara su. Idan irin wannan ya faɗi, faɗuwar tana da zafi. Lightyear na 2022 ya ci kusan miliyan 200, ya tara kusan miliyan 226, asara ce tsagwaronta. Strange World na Disney, a shekarar dai, ko miliyan 80 bai kai ba. Su ma manyan suna kwanciya: The Marvels na 2023 ya tsaya a kusan miliyan 206, ƙasa da abin da aka kashe masa.

Wani bambancin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda kuɗin ke shigowa. Babban fim ɗin faɗa rububinsa ake yi, kowa yana so ya gani kafin a ba shi labari. Endgame ya tara dala miliyan 357 a Amurka da Kanada a ƙarshen makon da aka sake shi, ƙarshe ya tsaya a miliyan 858. Sama da kashi 40 cikin ɗari na cinikinsa a can, a 'yan kwanakin farko ya yi shi. Katun kuwa a hankali yake ci. Elemental na 2023 ya buɗe da ƙasa da miliyan 30, har aka fara yi wa Pixar jaje. Amma iyaye suka yi ta gaya wa juna, mako ya bi mako, ya ninka abin da ya buɗe da shi sau biyar a can gida, a duniya kuma ya kusa miliyan 500.

Me ya sa haka? Na farko dai, yaro ba ya zuwa silima shi kaɗai. Idan ya matsa sai an kai shi, uwa da uba da ƙanne duk sai sun yanki tikiti, sha'awar mutum ɗaya ta sayar da kujera huɗu ko biyar. Deadpool kuwa a Amurka ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, ka ga an rufe masa wannan ƙofar. Sannan yaro ba ya gajiya da maimaita kallo. Ga kuma sauƙin fassara. Ka lura da finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa: jarumi ya rufe baki, muryar mai fassara tana ci gaba da zuba. A katun ba a cika ganin wannan tsamar ba, sai ɗan Japan da ɗan Brazil kowa ya ji kamar don shi aka yi. Su Minions ma wani yare nasu na shirme suke yi, motsinsu ne ke ba da dariya, babu abin fassarawa sosai. Kuma jarumin katun ba ya tsufa. An fara Toy Story a 1995, kashi na huɗu ya fito a 2019 da fuskokin nan dai, ya haura biliyan ɗaya, waɗanda suka kalli na farko suna yara su ne suka kai nasu 'ya'yan.

Bayan silima kuma akwai kasuwar kaya, wadda ba ta shiga wancan lissafi ko kaɗan. Ranar kasuwa ka tsaya gaban mai jakunkunan makaranta ka ƙirga guda nawa ne ke ɗauke da hoton yarinyar nan mai farin kitso ta Frozen, ko jar motar nan mai idanu a gilashi. Wata jakar ma rana ta cinye kalarta, hoton yana nan, kuma ita yarinya za ta nuna wa babanta. Frozen na farko tun 2013 ya fito.

A gefe guda, iyakar da ke tsakanin nau'o'in biyu ta fara shafewa. The Lion King na 2019, wanda ya tara sama da biliyan 1.6, babu zaki na gaske ko ɗaya a cikinsa, kwamfuta ce ta zana su, kuma har yau ana jayayya kan layin da za a saka shi. Shi kansa Avatar da kake taƙama da shi, mafi yawan abin da ido ke gani a ciki aikin masu zane ne.

A nan gida Najeriya kuwa kai ne da gaskiya. Finafinan da ke saman jerin silimominmu na mutane ne. A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a ƙarshen 2023, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya, sai Everybody Loves Jenifa nata na 2024 ya haura biliyan 1.8. Silimomin ma a Legas da Abuja da 'yan manyan birane suka taru. A Kano, su Marhaba da Plaza da Eldorado da iyayenmu suka sani, samari da magidanta ne ke cika su don fim ɗin Indiya da na Chaina, ba wurin zuwan iyali ba ne. Dogon katun na farko da aka yi a Najeriya aka kai silima, Lady Buckit and the Motley Mopsters, sai a 2020 ya fito. Abin da ke damuna shi ne, muna da Gizo da Ƙoƙi da Botorami, muna da miliyoyin yara masu jin Hausa, amma yaranmu sun fi sanin Tom and Jerry.

Yanzu batun gidan kallonka. Kada alƙaluman Amurka su ruɗe ka, domin abin da ke ɗaga katun a can babu shi a wurinka. Magidanci a ƙauye ba zai ɗauko matarsa da 'ya'yansa ya kawo su gidan kallo ba. Yaro shi kaɗai zai zo da ɗan canjin da ke hannunsa, ba kuma za ka karɓi kuɗin babba a wurinsa ba, alhali janareta man da yake sha ɗaya ne. Da safe yana boko, da yamma yana islamiyya, da damina yana gona. Ga masu tura fim a shagon caji, waɗanda za su cika wa yayansa waya da katun a kuɗi kaɗan.

Don haka ban ba ka shawarar ka mayar da shi abin kullum ba. Inda nake ganin zai biya shi ne kwanakin Sallah, lokacin da yara ke yawo da goron Sallah a aljihu, sai hutun makaranta, sai kuma Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo. Idan sola gare ka, lissafin ya fi sauƙi ƙwarai, tun da rana ce za ta biya maka wutar.

Sharuɗɗa kuwa ba na wasa ba ne, domin 'ya'yan mutane ne. Duk abin da za ka saka, ka fara kallonsa kai kaɗai daga farko har ƙarshe. Ba kowane zane ne na yara ba. Demon Slayer na Japan, wanda ya fi kowane fim ciniki a duniya a 2020, cike yake da sara da jini. Ka zaɓi masu yawan motsi da ƙarancin surutu, tun da yaran ba Turanci suke ji ba. Ka sanar da mai unguwa da iyaye kafin ka fara, ka tabbata takardun izininka sun cika, ka bar ƙofa a buɗe, kada ka haɗa yara da manya a zama ɗaya, kuma ka kashe idan an kira salla.

Sannan ka sami littafi ka riƙa rubutawa: yara nawa suka shiga, nawa aka tara, man nawa aka ƙona. Ka yi haka kwanakin Sallah gaba ɗaya, ka gwada da abin da kake samu ranar da ka saka fim ɗin Indiya. Idan bayan an cire kuɗin mai abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, ka ajiye shi sai hutu na gaba.