An Sa Mana Rana, Sai Muka Afka Wa Saɓo: Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Shekarata 23, an kai kuɗin gaisuwata tun bara, an sa rana saura wata biyu. Makon jiya na raka wanda zan aura mu duba gidan da ya kama mana, abin da bai kamata ba ya faru. Shi yana cewa ai kusan matarsa ce ni. Na kasa barci. Laifinmu ɗaya da na sauran masu zina? In faɗa wa mahaifiyata? Sai an yi mini bulala Allah zai yafe mini? Auren namu fa? Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yata, wannan rashin barcin alama ce zuciyarki tana da rai, ki gode wa Allah a kansa. Amma ba zan ɓoye miki ba, maganar saurayinki ba ta da tushe. Kuɗin gaisuwa, sa rana, lefe, duk al'ada ce da alkawari. Abin da ke halatta mace ga namiji shi ne ɗaurin aure: waliyyi, sadaki, shaidu da siga, wato furucin bayarwa da karɓa. Kafin ranar nan, ke da shi kamar ke da kowane namiji ne a titi, kuma abin da ya faru zina ce.

Dubi yadda Allah Ya faɗa a Suratul Isra'i, aya ta 32: kada ku kusanci zina, domin alfasha ce kuma mummunar hanya. Kusanta ma aka hana. Ku biyu kaɗai a gidan da babu kowa, ƙofa a rufe, tun nan aka taka dokar. Tirmizi ya ruwaito cewa namiji ba zai keɓe da mace ba face Shaiɗan ne na ukunsu. Shekara da shekaru ina koyarwa a Islamiyyar matan aure da 'yan mata, kuma yawancin waɗanda suka zo mini da kuka irin naki masu baiko ne, saboda da zarar an sa rana iyaye sai su saki jiki, a daina haɗa yarinya da ƙanwa ko ƙani idan za ta fita. Kuma abin yana ci mini rai yadda muke ɗora wa mace laifin ita kaɗai. Suratun Nur, aya ta 2, ta ambaci mazinaciya da mazinaci tare, hukunci ɗaya. Shi ma tuba ta hau kansa.

Ƙofar tuba a buɗe take. A Suratul Furƙan, aya ta 68 zuwa 70, Allah Ya jera zina da shirka da kisan kai, sannan Ya ware wanda ya tuba ya yi imani ya yi aiki nagari, Ya ce zai musanya munanan ayyukansa da kyawawa. Ki daina, ki yi nadama, ki ƙudurta ba za ki koma ba. Bulala kuwa aikin alƙali ne idan magana ta je gabansa da shaidu huɗu ko iƙirari, ba sharaɗin karɓar tuba ba ce. Lokacin da sahabi Ma'izu ɗan Malik ya zo ya tona kansa cewa ya yi zina, Manzon Allah (SAW) kau da kai ya riƙa yi, yana ba shi damar ya koma.

Saboda haka ki rufa wa kanki asiri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk al'ummar nan ana yi mata afuwa ban da masu bayyana saɓonsu, wanda Allah Ya suturta shi da dare ya wayi gari yana ba da labari. Kada ki faɗa wa ƙawa, kada ki tura wa kowa a WhatsApp. Mahaifiyarki ma ba dole ba ne, sai in buƙata ta kama.

Ga inda buƙatar za ta iya kamawa, kuma nan ne nake so ki natsu. Auren waɗanda suka yi zina suka tuba ya halatta a wajen mafi yawan malamai. Sai dai a mazhabar Malikiyya da muke bi, dole ki yi istibra'i tukuna, wato jiran a tabbatar babu ciki, ko da shi ɗin ne zai aure ki, kuma lissafinsa kamar idda ne, tsarki uku. Auren da aka ɗaura a cikinsa ɓatacce ne, raba shi ake yi. Akwai malaman da suka ce jini ɗaya ya isa, amma alƙalanmu da limamanmu galibi kan na farkon suke. Ki ƙirga da kyau: wata biyu da wuya ya isa. In bai isa ba, shi ya je ya nemi a ɗaga ranar kaɗan. Ɗaga biki ba baƙon abu ba ne a garin nan, kuma ba sai ya yi ƙarya ba, ya ce yana neman ƙarin lokaci. Shi ya jawo, shi ya kamata ya ɗauki wannan nauyin.

In al'adarki ta yi jinkiri, ki yi gwajin ciki. Idan ya tabbata, kada ki kusanci mai ba da maganin zubarwa, haramun ne kan haramun, ga haɗarin rasa rai. A lokacin ne za ki sami mahaifiyarki ko gwaggon da kika amince da ita, ku je wajen malami masanin fiƙihu, domin a Malikiyya ba a ɗaura aure sai an haihu.

Daga yau zance a zaure ko falon gidanku, ƙofa a buɗe, ƙanwarki na kusa. Ki lura da yadda zai karɓi wannan sharaɗin da maganar ɗaga rana. In ya yi fushi ko ya sake neman ku keɓe, ki sake rubuto mini kafin a ɗaura komai.