Amsa kan kantar da za a ɗora garmaho

Salamu alaikum jama'a. To, ɗan'uwanmu da ya gaji garmahon mahaifinsa, Technics SL-1200 MK2, Allah ya jiƙan Baba. Ka ce da ka ƙara murya sai wani gurnani ya taso, kana tambaya gilashi za ka sa a ƙarƙashi, ko marmara, ko katako.

Kafin ka je wajen kafinta, ina sifikunka suke? In teburi ɗaya suke da garmahon, to ga ciwon nan. Allurar nan dannawar da take yi wa faifai wajen giram 2 ne kawai, kuma aikinta ke nan, jin motsi. Ba ta san wannan na kiɗa ne, wannan na teburi ba. Sifika ta girgiza teburi, teburi ya girgiza faifai, allura ta kwasa ta mayar wa sifika, haka abin zai yi ta zagayawa. Raba su tukuna.

Sannan ka gwada. Kar faifan ya juya, ka sauke allura a kai a hankali, ka ɗan ƙara murya, ka ƙwanƙwasa kantar da yatsa. Ƙarar da ta fito ta sifika, ita ce za ka yaƙa. Duk abin da ka canza, maimaita gwajin.

Gilashi dai ka manta da shi, amsa amo yake kamar kofin shayi in an ƙyasta shi. Marmara tana da nauyi, amma ita kaɗai ba ta shanye girgiza, wucewa take da ita, sai ka sa roba mai laushi a ƙarƙashinta. Ni katako na fi yarda da shi, filawud mai kaurin milimita 18, a manne biyu da gam. MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, shi ma ba laifi, sai dai da ruwa ya taɓa shi ya kumbura.

Abin da na fi so kuwa yashi ne, kuma kusan kyauta. A yi maka akwati marar zurfi, ka zuba busasshen yashi, busasshe fa, ka lallaɓe shi, ka kwantar da allo a kai. Sharaɗin shi ne kada allon ya taɓa gefen akwatin ko kaɗan, a bar 'yar tazara ta ko'ina. In ya taɓa, girgizar ta samu hanya, aikin ya ɓaci.

In daɓen ɗakinka siminti ne, teburi mai ƙarfi ya isa. In kuma allura na tsalle idan yara sun gifta, a kafa kantar a bangon bulo da ƙarfe mai kauri, don na'urar nan ta kai kilo 12.

Don Allah kar ka sa soson katifa. Zai lotsa gefe ɗaya, garmahon ya karkace, allura ta riƙa cin ɓangare guda na faifai. Ka ari abin awon magina mai ɗigon ruwan nan, ka ɗora a kan farantin da faifai ke zama a kai, ka murza ƙafafun garmahon har ɗigon ya tsaya tsakiya. Ka gwada ka turo mana murya mu ji.