Tambaya da Amsa: Dariyar Birin Cimfanzi a Gidan Ceto ta Gaske ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo na 'ya'yan birin cimfanzi a wani gidan ceto, ana ba su madara a kwalba, suna kokawa suna yin wani sauti kamar dariya. Abin ya ba ni sha'awa, ya kuma ba ni tausayi. Yaya suke wuni a irin wannan wuri? Dariyar nan ta gaske ce, ko kuwa mu ne muke ganin haka? Kuma me ya hana a mayar da su daji kawai? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Dariyar ta gaske ce, kuma masu kula da su suna ɗaukar ta a matsayin babbar alamar cewa maraya ya fara samun sauƙi. Amma ba za ki ga darajarta ba sai kin san halin da ake kawo shi a ciki.

Uwar cimfanzi ba ta sakin ɗanta sai dai in ta mutu. Saboda haka kusan duk jaririn da kika gani a hannun mutum, an kashe uwarsa ne kafin a ɗauko shi, galibi don nama, shi kuma a sayar da shi da rai. A daji yakan sha nono har shekara 4 zuwa 5, yana manne da cikinta tun yana jariri, daga baya ya koma hawa bayanta, su kwana sheƙa ɗaya. Wanda aka raba da wannan tun yana ɗan watanni yakan iso gidan ceto a rame, wani da harsashi a jiki, wani da gyambon igiya a ƙugu. Za ki gan shi ya rungume kansa yana ta rangaji gaba da baya, ko yana tuge gashin jikinsa. Irin wannan ba ya wasa ko kaɗan. Da farko ana killace shi, yawanci kamar wata uku, a duba lafiyarsa, a ba shi mutum guda da zai zame masa uwa dare da rana, ya goya shi, ya kwana kusa da shi. Mai renon nan yakan sa takunkumi, domin murar da mu za mu yi kwana biyu mu warke tana iya zame wa cimfanzi ciwon huhun da zai kashe shi.

Wunin manya kuwa yana da tsari. A tsibirin Ngamba da ke Tafkin Biktoriya a Yuganda, wanda aka buɗe a 1998, da safe ake buɗe musu su shiga dajin tsibirin mai faɗin kusan eka 100, su yi kiwo, su huta, su dawo bakin shinge lokacin cin abinci, da yamma su koma ɗakin kwana inda aka rataya musu ragar lilo. Dajin ba zai iya ci da su duka ba, shi ya sa ake ƙara musu 'ya'yan itace da ganyaye sau da yawa a rana. Haka tsarin yake, da ɗan bambanci, a Tacugama kusa da Firitawun a Saliyo, da Chimfunshi a Zambiya, da Tchimpounga a Jamhuriyar Kwango. Lokacin abinci shi ya fi kowane hayaniya: ihu, gurnanin jin daɗi, miƙa tafin hannu ana roƙo. Masu kula ba sa tara abincin wuri ɗaya, watsa shi suke yi, don kada manya su babake shi, don kuma kowa ya sha wahalar nema kamar yadda zai yi a daji. Wani lokaci a zuba zuma a ramin kututture, su nemo tsinke su zura su lasa. Da rana ta take sai wuri ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa.

Yanzu ga batun wasa, wanda shi ne zuciyar tambayarki. Ƙanana suna kokawa, suna tsere, suna alkafura, suna lilo a reshe, suna yi wa juna cakulkuli a wuya da hammata da ciki. Sautin da kika ji yana fitowa ne musamman lokacin cakulkuli da kokawa. Ya bambanta da tamu dariyar ta fuska ɗaya: mu muna yin ta ne da fitar numfashi, su kuwa suna yin ta a shaƙa da fitarwa duka, shi ya sa take kama da haki. Tana tafiya da wata fuska ta musamman, baki a buɗe a sake, leɓen sama ya rufe haƙora. Ma'anarta a wajen abokin wasa ita ce cizon nan da turin nan ba faɗa ba ne.

A nan mutane da yawa suke kuskure, kuma kuskuren yana damuna. Idan kika ga cimfanzi ya yage baki, haƙoran sama da na ƙasa duk a waje, wannan yawanci fuskar tsoro ce ko ta miƙa wuya. Hotunan da ake sa musu riga da hula ana cewa suna murmushi, da yawansu hotunan dabba ce a firgice. Irin waɗannan hotuna kuma su ke sa wasu sha'awar mallakar jariri a gida, kasuwar da ke cika gidajen ceto da marayu.

Wasa makaranta ce a wajensu. A cikinsa yaro yake koyon iyakar ƙarfin cizonsa, da wanda za a tsokana da wanda za a kauce wa, da yadda ake ba da haƙuri in an wuce gona da iri. Babba in yana wasa da ƙarami yakan rage ƙarfinsa da gangan, ya kwanta rigingine ya bar yaron ya hau kansa. Marayan da ya girma a keji shi kaɗai bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zai iya tunkarar shugaban garke ba tare da ɗan gurnanin gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba ba, ya sha duka bai san laifinsa ba. Shi ya sa haɗa sabon zuwa da garke yake cin watanni. Za a fara da su ga juna ta raga, su taɓa yatsu, sannan a haɗa shi da mai sanyin hali guda ɗaya, a bi da na biyu. Sau da yawa wata babbar mace, wani lokaci ma namiji, takan ɗauki marayan ta goya shi. Ranar da ya daina neman hannun mutum ya bi 'yan'uwansa, ranar ce mai renonsa ya san aikinsa ya yi kyau, ko da rabuwar ta yi masa ciwo.

Manya sun fi ba da lokacinsu ga duba gashin juna, suna buɗa shi da yatsu suna tsince ƙazanta. Tsabta ce, amma ta fi zama zumunci da siyasa: wanda ka duba wa yau shi zai tsaya maka gobe. Faɗa kuwa ana yi, har da rauni. Masani Frans de Waal ya bayyana a 1979, daga abin da ya gani a gidan namun daji na Arnhem a Holan, cewa bayan rikici abokan faɗan sukan dawo su rungumi juna su sumbaci juna, wani na gefe kuma yakan je ya rarrashi wanda aka zalunta.

Har al'ada suna da ita. A Chimfunshi, a 2010, an lura wata mace mai suna Julie tana soka tsinken ciyawa a kunne ta bar shi yana reto, ba don wani amfani da aka gano ba. Daga baya aka ga 8 cikin 12 na garkenta, har da ita, suna yin haka, wasu kuma suka ci gaba da yi bayan ta mutu.

Mayar da su daji shi ne burin kowa, kuma an yi. A Gini, a 2008, an saki 12 a gandun dajin Haut Niger. Sai dai abin ba ya yiwuwa ga mafi yawansu. Ana bukatar daji mai faɗi, mai tsaro, wanda ba shi da garken da ya riga ya mallake shi, domin mazan daji suna kashe baƙon namiji. Akwai tsoron kai cutar mutane cikin na daji. Wanda ya saba da mutum kuma ba ya gudunsa, zai shiga gona ko ya tunkari maharbi. Ga sanin daji da ake koya daga uwa tsawon shekaru: wane itace ke nuna a wane wata, wane ganye ake ci, yadda ake fasa ƙwallon 'ya'yan itace da dutse kamar yadda na yammacin Afirka ke yi. Tunda cimfanzi yana iya kai shekara 50 ko fiye a hannun masu kula, karɓar jariri ɗaya alkawari ne na rabin ƙarni. Wannan ya sa gidajen ceto da yawa suke sa wa matan maganin hana ɗaukar ciki a ƙarƙashin fata, don wurin da ya rage ya zama na marayun da ake ci gaba da kawowa.

Idan kin sake kallon bidiyon, Malama, ki duba bakinsu ki ga ko leɓen sama ya rufe haƙora, ki kuma duba ko wanda aka kayar yana tashi ya koma da kansa neman a sake.