Zan je China sarin kaya, a wane filin jirgi zan sauka?

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya turo cewa zai je China karo na farko sarin yadi da ƴan kayan kwalliya, ejen ya samo masa tikiti mai sauƙi zuwa Beijing, ya karɓa ko ya bari?

Alhaji, dakata tukuna, araha ba ta ado. Beijing can arewa take, daga can zuwa Guangzhou, babban garin sari da ke kudu, kusan awa 3 ne a jirgin cikin gida, kuma jiragen cikin gida galibi kilo 20 na kaya kawai suke ba ka, to abin da ka rage a tikiti nan za ka amayar da shi har da ƙari. Kayan da za ka saro su ne za su zaɓa maka filin jirgi.

Tunda yadi ne babban abin da zai kai ka, kasuwarsa tana Keqiao kusa da Hangzhou, ƙananan kaya irin su sarƙa, ɗan kunne da jakunkuna kuma suna Yiwu, kasuwar Futian, wadda in ka shiga da safe sai ƙafa ta gaji ba ka gama ɓangare ɗaya ba. Don haka Shanghai Pudong ya fi maka, amma ka sani filin yana da nisa da tashar jirgin ƙasa ta Hongqiao, sai ka ƙetara gari da akwatunanka, daga tashar zuwa Yiwu kamar awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa.

Guangzhou Baiyun kuwa shi mutanenmu suka fi sani, jirgin Ethiopian na kai ka ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira. Ɗinkakkun kaya da takalma nan ne gidansu, ga masu kargo, ga abincin halal a unguwar Xiaobei, in harka ta cije ba za ka rasa ɗan gida mai jin Hausa ba. Sai dai ka guji lokacin Canton Fair, babban baje kolin da ake yi a garin a Afrilu da Oktoba, kuɗin otal tashi yake.

Kar ejen ya lallaɓa ka ka sauka Hong Kong wai ya fi arha, bizarta daban ce. In kuma tsabar kuɗin da ke jikinka ta wuce dala 5,000, ka faɗa wa kwastan da kanka kafin su tambaya.